Sunan da Mame Ta Binne

"Ba za ta shigo gidan nan ba, Azariya. Ko za ka tsaya a nan har gemunka ya yi furfura."

"Mame, ko ganinta ba ki yi ba."

"In ga me? Na ji sunanta. Ya ishe ni."

Kanta na cikin tanderun girki take maganar, muryar na fitowa kamar daga rijiya. Saura kwana goma sha biyu Idin Ƙetarewa, duk wata uwa a unguwarmu ta Bathurst ta koma mafarauciya, tana bin ɓurɓushin burodi lungu-lungu, don a idin ba a barin ko ƙwaya a gida. Tsohuwar rigar Tate, babana, ce a jikinta, ta naɗe hannuwan. Baƙin ɗankwali har gira, safar roba ruwan ɗorawa har gwiwar hannu. Kicin sai ƙaurin sabulu da tururi.

"Sunanta ai sunanki ne," na ce.

Ta zaro kai. "Ka ga ka faɗa da bakinka."

Ku masu karatu, ban iya dogon zance ba, ga ta a taƙaice. Sunan mahaifiyata Elisheba. Yarinyar da nake so, Elisheba. A wajenmu namiji ba ya auren takwarar uwarsa. Wani malami na can da ne ya bar wasiyyar, ɗaruruwan shekaru ke nan. Wasu sun ce don kada ka kira matarka uwarka ta amsa. Wasu sun ce baki ake tsoro. Tsofaffin mata kuwa a ƙasa-ƙasa suke faɗin nasu: in mala'ikan mutuwa ya zo da suna ɗaya ya tarar da mutum biyu, ba ya tsayawa tambaya.

"Sunan nan ba na wasa ba ne," in ji Mame. "Ma'anarsa, Allahna ne rantsuwata. Da sunan Ubangiji ya fara."

"To ai biyu sun fi ɗaya albarka."

Soson hannunta ya wuce ta gefen kunnena ya bugi firji.

"Ka ji min yaro! Ka bar makaranta, na yi shiru. Sa'o'inka suna zaune gaban malamai, kai kana yawo a mota kana kwashe takardu kamar mai shara, na yi shiru..."

"Ba shara ba ce."

Ta san ta wuce gona da iri. Ta tsuke baki, ta ɗauko soson.

"Hanya a buɗe take," ta ce a hankali. "Ta ƙara suna a gaban nata. A yi kwana talatin ana kiranta da shi, ya zauna, shi ke nan. Jikar tsohuwa Pinsker haka ta yi, ga ta da 'ya'ya huɗu."

"Ke me ya sa ba za ki ƙara ba?"

Ban taɓa ganin fuskarta ta yi haka ba. Kamar an zare mata jini. Ta daɗe tana kallona, ruwan sabulu na ɗiga daga safarta.

"Fita min daga kicin."

Na kai ƙofa ta sake magana, ba ta juyo ba. "Ga buhu nan a zaure. Littattafan Bobe ne, na gama kwashe ɗakinta. Ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi wa uwata aikin ganin ido."

Na saɓa buhun na fita.

Aikina ke nan. Duk takardar da Sunan Ubangiji ke ciki ba a jefa ta a shara, ba a ƙona ta, ba a goge ta. In ta tsufa binne ta ake yi a maƙabarta, kamar mutum. Shemos muke ce musu, wato sunaye. Ni nake bin gidaje da majami'u da farar motar kaya ina tara su, musamman gab da idi, lokacin da kowa ke zazzage gidansa.

Maigidana Reb Gedaliya ne. Gajere, mai tumbi, kunne ɗaya ba ya ji, ɗayan kuma abin da ya ga dama yake ji. Shekara arba'in yana wannan aikin. Ranar da na fara ya kama ni a kafaɗa ya ce, "Kai Azariya, ni Gedaliya. Ka ji wutsiyar sunayenmu iri ɗaya ce? Guntun Sunan ne. Haruffa huɗun nan na Sunan ba mai furta su, ko lamba goma sha biyar ba ma rubutawa kai tsaye don kada ta yi kama da su. To kakanninmu suka rasa yadda za su yi da kewarsa a bakinsu. Sai suka gutsuro shi suka liƙa wa 'ya'yansu. Azariya, Ubangiji ya taimaka. Gedaliya, Ubangiji mai girma ne. Uwarka in ta ce Azariya zo ka fitar da bola, addu'a ta yi ba ta sani ba."

A bakin motar nan na haɗu da Elisheba Halpert bara. Malama ce a makarantar 'yan mata, aji uku. Ta kawo kwalin takardun yara, iska ta fizgi ɗaya ta jefa cikin caɓi. Na diro na ɗauka, na goge da rigata, na sumbata, na sa a buhu. Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Ba wanda yake ganinka fa." Na ce na sani. Bayan mako biyu gwaggonta ta fara tambayar ɗan gidan waye. Ita gwaggon tana da kirki, amma ba ta taɓa tambayar sunan uwata ba, kowa Madam Kirshner yake ce mata. Sai da muka fita sau biyar, zuciya ta riga ta tafi, sannan aka farga.

Na faka a bakin majami'a na ɗauko waya na rubuta mata.

Ni: Ta ce ki ƙara suna.

Ita: Kana ina?

Ni: Bakin majami'a.

Ita: Kada ka motsa.

Minti goma sai ga ta. Doguwar kwat ruwan toka, baƙin siket har idon sawu, jan gyale a wuya, ƙurar alli a hannun riga. Tafiyarta kawai na gani na san amsar.

"Malam mai binne littattafai," ta ce. "Yanzu ni kuma za a binne?"

"Suna ɗaya ne kawai a gaba. Ni Elisheba zan riƙa ce miki a zuci."

"A zuci." Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Ka san wa na ci sunanta?"

"Kakarki."

"Tana shekara goma sha huɗu, lokacin yaƙi, aka kulle ta a sansani, aka aske mata kai, aka zana mata lamba a hannu, aka ce daga yau wannan ne sunanki. Shekara guda ba wanda ya ce mata Elisheba. Da aka buɗe sansanin, wani soja ya tambaye ta wace ce, sai da ta yi tunani. Tate ya ce har ta rasu, in aka gajarta mata suna ba ta amsawa. Cikakke ko ba komai." Ta gyara gyalenta. "Cikakke ta bar min shi, Azariya. Ba zan yi masa faci ba."

Na sunkuyar da kai.

"Ina son ka," ta ce. Karo na farko ke nan da ta faɗa, kuma da faɗa ta faɗe shi. "Amma Tate ya gaji. Akwai wani ɗan Lakewood, mai karatu ne, sunan uwarsa Zelda. Bayan idi zai zo neman aurena. Na ce a'a sau biyu. Ban san sau nawa ya rage min ba."

"Zelda," na ce.

"Kada ka ba ni dariya, raina a ɓace yake."

Ta juya ta tafi. Jan gyalen nake kallo har ya sha kwana.

Ta ƙi, ta ƙi. Elisheba biyu, taurin kai ɗaya, ni a tsakiya kamar ƙusa tsakanin guduma da katako.

Da la'asar na kai kayan rumbunmu. Reb Gedaliya na zaune kan kwali da kofin shayi da kifin gishiri a takarda.

"Ango marar amarya! Yau wa ya kore ka, babbar ko ƙaramar?"

"Duka."

"Madalla. Ka fara sanin aure."

Dokar aikinmu ɗaya ce: ba littafin da zai shiga rami sai an buɗe shi an karkaɗe. A cire roba, a cire ƙarfe, a cire abin da ba na rami ba. Mutane na ɓoye rayuwarsu a cikin littafin addu'a su manta. Hotuna, wasiƙu, busasshen fure, gashin askin fari na yaro. Mu ke mayar wa masu shi.

Na kwance buhun Bobe Fraida. A sama akwai wani abu naɗe cikin tawul ɗin kicin mai zanen dara, ja da fari, gefe ɗaya a ƙone. Na warware. Ƙaramin littafin Zabura ne, kore, bayansa liƙe da salatif, gefen shafukan ya yi baƙi da babban yatsanta. Na san shi. Da shi take zama bakin taga tana motsa leɓe.

Na karkaɗe, ba abin da ya faɗo. Na buɗe bangon baya.

Rubutun hannunta ne, ƙanana, a jere. Sunayen 'ya'yanta da ranakun haihuwa. Elisheba. A ƙarƙashi, da wata tawada daban:

An ƙara mata Hayya. Sanƙarau, kwana na biyar.

Na sake karantawa. Sannan na ga layin da ke biye.

Azariya. An ƙara masa Hayyim, rana ɗaya da yayarsa.

Ya koma. Shekara huɗu da wata biyu.

Na zauna a ƙasan siminti.

Kowa ya san al'adar. In ciwo ya yi tsanani, a je majami'a a ƙara wa majiyyaci suna, Hayya ko Hayyim, mai rai, don hukuncin da aka rubuta wa wancan kada ya sami wannan. Amma ban taɓa jin an yi wa Mame ba. Ban taɓa jin tana da ƙane ba. Da na tambayi wa na ci sunansa, cewa ake yi wani ɗan'uwan Bobe ne, a sake zance.

Reb Gedaliya ya karɓa, ya ɗora tabarau biyu a hanci. Ya daɗe. Wasan ya bar fuskarsa.

"Na tuna hunturun nan," ya ce. "Yara biyar muka kai maƙabarta a unguwar nan. Ban san ɗaya naku ba ne." Ya rufe littafin ya sumbata. Can sai idonsa ya yi ƙyalli. "Yaro, ka fahimci abin da ke hannunka? Uwarka ba Elisheba ba ce. Hayya Elisheba ce. Tashi! Me kake jira, in goya ka?"

Rabbi Lerman na cikin ɗakin karatunsa, mutane a layi da tambayoyin tukwane da cokula na idi. Da layi ya zo kaina na ajiye littafin a gabansa. Ya karanta, ya ja gemu, ya tambaye ni abu uku. Wa ke kiranta haka? Ba kowa. Tun yaushe? Ban sani ba. A takardar aurensu fa? Elisheba kawai.

"Sunan da aka ba mutum a gaban littafi mai tsarki ba ya mutuwa," ya ce. "Amma yana barci. Wannan ya fi shekara arba'in yana barci, a haka ba zan jingina aure a kansa ba. In ta yarda a tashe shi, a shelanta a majami'a, a yi kwana talatin ana kiranta da shi a gida da kasuwa, to sunanta daban, na yarinyar daban. Ni da kaina zan ɗaura auren." Ya miƙo min littafin. "Sai dai ba ni zan tashe shi ba. Ba kai ba kuma. Mai shi."

Kwana biyu littafin na aljihuna, yana ƙona min ƙirji.

Ranar Alhamis da rana na same su a kicin. An lulluɓe kowane teburi da takardar gwangwani, gidan na ƙyalli kamar cikin tukunya. Tate na zaune yana goge kofunan azurfa. Mai gyaran tabarau ne, Menashe, mutumin da in ya yi jimla uku a yini to an yi biki. Mame na yankan albasa.

Na ajiye littafin da tawul ɗinsa a kan tebur, na buɗe bangon baya.

Wuƙar ta tsaya.

"Wa ya ce ka karanta?"

"Ke kika ce in duba ɗaya bayan ɗaya."

Tate ya leƙa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Elisheba. Na san zancen yaron. Wannan fa?"

Ta zauna. Ban taɓa ganin Mame ta zauna a kicin gab da idi ba.

"Mota ɗaya ta kai mu asibiti," ta ce. Teburin take kallo. "Gadona nan, nasa can. Yana tsoron allura, ni nake ce masa ya rufe ido. Babanmu ya je majami'a ya ƙara mana suna rana ɗaya, baki ɗaya, addu'a ɗaya. Ni na fito." Ta shafa rubutun da ɗan yatsa. "Duk sanda aka ce Hayya, abin da nake ji shi ne, ke ce kika rayu. Ina shekara bakwai na ce wa Bobe duk wanda ya sake kirana haka ba zan ƙara cin abinci ba. Na yi kwana biyu. Suka bari."

Ta ci gaba.

"Da aka haife ka kowa ya hana ni. Ba a sa wa jariri sunan yaron da ya tafi da ƙuruciya. Uwar babanka har kuka ta yi. Na ce sai na sa. Na sa." Ta ɗago ido, jajir, ba na albasa ba. "Sau ɗaya na yi taurin kai da suna, Azariya. Shekara ashirin da uku ke nan, in ka yi tari sai in tashi in tsaya a ƙofar ɗakinka ina ƙirga numfashinka. Kana so in sake? In kawo takwarata cikin gida in zauna ina jiran wa za a ɗauka?"

Ni ba mai magana ba ne. Amma ranar bakina ya buɗe.

"Mame, dube ni."

Ta duba.

"Buhu biyu nake ɗauka a kafaɗa ɗaya. Rabon da in yi zazzaɓi tun ina aji shida. Kwano uku nake ci, ke kike ƙorafi. Ba abin da ya same ni. Sunan nan cewa yake Ubangiji ya taimaka, kuma ya taimaka. Kullum kina kiran ƙanenki a gidan nan, safe da yamma, yana amsa miki. Shi kin tashe shi tuntuni." Na tura mata littafin. "Ke ce kika rage a binne. Ni kuwa na san abin da ake binnewa. Ba a binne abin da bai tsufa ba."

Tate ya ajiye kofin. "Hayya," ya ce a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Yana da daɗi."

"Menashe, kada ka fara."

Ta tashi ta koma kan albasarta. Littafin kuwa ta ɗauke shi da tawul ɗin ta sa a aljihun rigarta. Ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba.

Da dare na rubuta wa Elisheba.

Ni: Na yi magana da Mame.

Ita: Sai?

Ni: Tana yankan albasa.

Ita: Wannan amsa ce a gidanku?

Ni: Ban sani ba.

Asabar ta zo, ranar hutu da ibada. Waya a kashe, zuciya a kunne. Na sa baƙar kwat da farar riga, na tsaya a layin baya inda na saba, kusa da Reb Gedaliya. Mata na sama bayan labule. An fito da Attaura, ana kiran maza ɗaya-ɗaya su yi karatu. Na huɗu aka kira Tate. Ban san ya nemi a kira shi ba.

Da ya gama, mai shela ya sunkuyo ya ji sunayen iyalin da za a sa wa albarka, kamar kullum. Shekara ashirin yana jin sunayenmu, ya haddace su, har ya buɗe baki zai wuce. Tate ya riƙe masa hannu. Ya ɗaga kai sama.

Labulen ya motsa. Yatsu huɗu suka ja gefensa. Fuskar Mame, da hularta ta Asabar mai ruwan bula. Ta kalli Tate. Ta kalle ni.

Ta gyaɗa kai.

Tate ya raɗa wa mai shela. Mutumin ya ɗago a rikice. "Wa? Reb Menashe, mata ka canja?"

Sai mahaifina, mai jimla uku a yini, ya buɗe murya har fitilun rufi suka amsa.

"Matata, Hayya Elisheba!"

Can daga sama wata tsohuwar murya ta tsage, tsohuwa Pinsker ce, mai shekara casa'in, maƙwabciyar Bobe tun suna amare. "Hayyale! 'Yar Fraida! Ni na kai miki miya asibiti, 'yar nan, ina kika shiga?"

Kuka ya ɓarke a sama. A ƙasa Reb Gedaliya ya daki teburi da tafin hannu har littattafai suka yi tsalle. Rabbi Lerman bai hana ba, murmushi yake cikin gemu. Mai shela ya maimaita sunan da waƙa, cikakke, jama'a suka ce amin da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Ni dai na tsaya. Wani na jijjiga min kafaɗa, wani na jan kunnena. Ban yi kuka ba. Ƙura ce ta shiga idona, majami'ar ta tsufa.

Taurari uku na fitowa, alamar Asabar ta ƙare, na kunna waya. Saƙo ya riga ni.

Ita: Gwaggo ta zo da gudu ko hula ba ta gyara ba. Gaskiya ne?

Ni: Kwana talatin.

Ita: Na ce wa Tate ya gaya wa Zelda ta riƙe ɗanta.

Ni: Ban taɓa miki suna ba.

Ita: Na gani. Shi ya sa.

Kwana talatin ɗin nan unguwa ta ɗauke su kamar aikin gayya. Mai burodi, Madam Hayya. Mai kifi, Madam Hayya, har sau uku a ciniki ɗaya. Matan layinmu sukan bugo waya ba dalili, su ce Hayya kina nan, su kashe. Da farko takan daskare kamar an watsa mata ruwa. Kwana na tara ta amsa ba ta sani ba. Kwana na ashirin wata ta ce mata Elisheba a kanti, ta ce, "Wa kike nufi? Mu biyu ne yanzu."

Rabbi Lerman ya ce a sake rubuta takardar aurensu da cikakken suna. Tate ya saya mata furanni ya tsaya a ƙofa da su. "An ce na yi sabuwar amarya. Ina take?" Ta kore shi da tsintsiya, tana dariya. Shekaruna ashirin da uku ban san Mame na da irin wannan dariyar ba.

Ni kuwa a bangon rumbu nake jan layi da alli. Reb Gedaliya ya ce ko fursuna bai kai ni ƙirga ba.

Ranar talatin da ɗaya aka yi baiko a falonmu. Litinin ce, rana ta fito, dusar ƙanƙara ta narke. Elisheba ta zo cikin doguwar riga ruwan zuma mai dogon hannu, da 'yan kunnen kakarta. Ta tsaya gaban Mame. Kowa a falon na jiran ya ga yadda za a kwashe.

Mame ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce mai taurin kan?"

"An ce a gidan nan na gado ne."

"Sunan kakarki?"

"Cikakke."

"Riƙe shi da kyau," in ji Mame. "Kin fi ni hankali." Ta jawo ta ta rungume.

Tate daga bakin tebur ya ce, "Elisheba, miƙo min gishiri." Mutum ɗaya ce ta waiwaya. Falon ya kwashe da shewa.

Sai fasa faranti. Uwar ango da uwar amarya ke riƙe shi tare, a naɗe cikin ƙyalle, su buga a bayan kujera, alamar magana ta ƙullu ba komawa. Mame ta shiga kicin ta fito da farantin a naɗe. Suka ɗaga. Suka buga. Ya tarwatse. Aka yi ta ihun taya murna, Reb Gedaliya ya ja ni rawa, maza suka kewaye ni, hulata ta faɗi. Elisheba na can cikin mata tana kallona da idon nan nata.

Na yi nasara, masu karatu. Ni mai kwashe takardu. Aikin da aka raina shi ya ɗaura min aure.

Da aka lafa na sunkuya in tattara fasassun. A nan na lura da ƙyallen. Tawul ne mai zanen dara, ja da fari, gefe ɗaya a ƙone. Shi ne wanda na tarar da littafin a ciki, a saman buhu. Na juya gefen ƙunar a hannuna. Sai yanzu na gane ta. Ni na ƙona shi ina shekara goma, garin kunna kyandir. Bai taɓa zuwa ɗakin Bobe ba. A kicin ɗinmu yake rataye, jikin tanderu, tun da na yi wayo.

Na same ta ita kaɗai a kicin tana yanka kek, bayanta gare ni.

"Mame."

"Na'am."

"Hayya."

Hannunta ya tsaya. "Ka ga rashin kunya. Uwarka kake kira da suna?"

Na ajiye tawul ɗin a gefenta, fasassun farantin na ƙara a ciki. Ta kalle shi. Ta ci gaba da yanka, yanka ɗaya, biyu, uku, daidai wa daida.

"Kin san ba littafin da nake binnewa ban buɗe bangonsa ba," na ce. "Mame, wa ya naɗe shi ya ɗora min a saman buhun?"